Matata Tana Nan Gure, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga mai girma shugaban da ya sa hannu a takardar canjin wurin aikina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo. Ka gafarce ni da ban ambaci sunanka ba, wallahi ba raini ba ne. Hatimin da aka buga ne ya zauna daram a kan sunan. Na juya takardar ta kowane gefe, na ɗaga ta a rana, har gilashin diraktan lakwal ɗinmu na ara, ban ga komai ba sai wutsiyar sa hannu.

Sunana Isufu, mushe ne ni, wato malamin makaranta, ina koyar da ƴan ajin ƙarshe a wata lakwal ta nan Gure. Haifaffen Maradi ne. Na zaɓi in rubuto a buɗe saboda wasiƙar da na taɓa aiko muku a rufe sai da ta shekara goma sha huɗu kafin a amsa. Ban da haka ma, a Gure rufe wasiƙa ɓata ambulan ne kawai.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin da aka turo ni garin nan, watana huɗu da aure. Na baro amaryata Rakiya a gidanmu na Maradi, na sauko daga mota da akwati ɗaya da katifa, na duba gabas rairayi, na duba yamma rairayi. Ban cika sati uku ba na zauna na rubuta demandi, na roƙi a mayar da ni Maradi bisa dalilin da ku kuke kira raporoshiman, wato a kusantar da ma'aikaci da matarsa. Na jira wata ɗaya, na jira shekara, shiru. Da na gaji, sai na je na ɗauko Rakiya. Ta yi kuka tun daga tashar Maradi har Damagaram, ta ɗan yi barci, da ta farka ta hango tuddan Gure ta ɗora daga inda ta tsaya. Yau ƴaƴanmu biyar, dukansu a garin nan aka yanke musu cibiya.

Sati biyu da suka wuce sai ga takardarku. An amince da roƙona. An mayar da ni Maradi domin in kusanci matata. Ranka ya daɗe, a tsakar gidana na karanta ta, matar da za a kusantar da ni da ita tana zaune gabana tana gyaran albasa, ƙafarta har tana taɓa tawa.

Na karanta mata da Faransanci, na juya mata da Hausa. Ba ta ko ajiye wuƙar ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, in gaishe da mutanen gida. Ta ce ita ba ta rubuta wa kowa demandi ba, garkarta tana kwari albasa ta fara kai, awakinta biyu na da ciki, yara na tsakiyar karatu, don haka wanda ya roƙa shi zai tafi. Na san Rakiya. In ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, to an gama.

Ban zauna ba. Na shiga buro uku, ofis bayan ofis. Na farko suka ce takarda daidai take, abin da na roƙa aka ba ni. Na biyu suka ce in kawo shaidar cewa matata a Gure take. Na ce bari in je in zo da ita, ba nisa. Suka ce a'a, takarda ake so, ba mutum ba. Na kai takardar, na uku suka duba dosiyena, wato fayil ɗina, suka ce a rubuce matata tana Maradi, kuma wanda ya sa hannu shi kaɗai ke iya warwarewa. Ga rantire, lokacin komawa makaranta, ta matso, in ban je na kama aiki can ba za a ce na gudu daga aiki. In na je kuwa, tafiyar yini guda a mota za ta shiga tsakanina da iyalina, da sunan kusanci.

Don kada a ce son rai ne, na yi abin da nake koya wa yara. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya, dama na rubuta amfanin zaman iyali a gari kamar Gure, hagu na rubuta illarsa. Ga abin da na samu.

Na ɗaya, sa ido. Wannan na fara sawa a hagu, har na ja masa layi biyu. Gure ba ƙauye ba ce da za ka ce kowa ɗan uwanka ne, ba kuma birni ba ce da za ka ɓace a cikinta. Girmanta daidai yadda kowa zai san ka, kai ba ka san kowa ba. Muna da maƙwabciya, Ya Falmata, tsohuwa ce Babarbariya, katanga ɗaya ta raba mu. Ta san ranar da muka dafa nama da ranar da muka yi miyar kuka tsura. In na fito da sabuwar riga, kafin in isa lakwal an san telan da ya ɗinka. Takardarku ma, ita ta fara yi mini barka, alhali ambulan ɗin yana aljihun dirakta ba a buɗe ba. Kafin la'asar gari ya ɗauka wai Mushe Isufu yana da wata mata ɓoye a Maradi, har gwamnati ta sani. Liman ya ja ni gefe bayan salla ya yi mini nasiha a kan adalci. Allah ya saka wa Rakiya, dariya ta yi har da hawaye. Ta ce mutumin da ya kasa ɓoye wa yara ledar dabino a cikin ɗakinsa, ina zai iya ɓoye mace shekara goma sha huɗu?

Na biyu, gaisuwa. Tsakanin gidana da lakwal tafiyar minti bakwai ce. Ban taɓa yin ta ƙasa da rabin awa ba. A gaishe ka da Hausa, a sake da Barbarci, a tambayi gida da yara da awaki ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, baƙi. Ran kasuwa gidana tasha ne. Iyayen ɗalibaina daga Gamu da Alakos nan suke sauka, su yi salla, su sha ruwa, su bar mini ajiyar buhu. Wani bawan Allah ya taɓa ɗaure raƙuminsa a jikin zogalen da na shekara biyu ina ba ruwa. Da muka fito, sai igiya da kututture. Na buɗe baki zan yi faɗa, ya miƙo mini cuku da ƙwaryar nono, ya ce yaronsa yanzu shi ke karanta masa takardar allurar dabbobi. To me zan ce? Na rubuta baƙi a hagu. Rakiya ta leƙo ta tambaye ni yaushe rabon da mu sayi nono a gidan nan. Na sake rubuta su a dama.

Na huɗu, kuma nan babu wasa. In ciwo ya yi tsanani, likitar nan, wato asibitinmu, ta yi iya ƙoƙarinta, sai a ce Damagaram. Mun yi wannan tafiya da Rakiya a haihuwar autanmu, ina riƙe da hannunta ina ƙirga ramukan hanya, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinta. Kuran, wato wutar lantarki, yakan ɗauke a lokacin da zafi ya fi tsanani. Famfo yakan yi fushi kwana biyu. Babbar ƴarmu Nana in Allah ya sa ta ci jarrabawar bak, dole ta bar gida ta tafi wani gari neman jami'a. Duk waɗannan gaskiya ne, a hagu suke, kuma ban samu abin da zai goge su ba.

Na biyar, Barbarci. Shekara goma sha huɗu, abin da na iya bai wuce gaisuwar "wushe" ba. Yarana kuwa kamar a bakinsu aka ƙirƙiro shi. In na shigo gida suka juya harshe suna duban ƙasa suna ƙunshe dariya, na san da ni ake. Uwarsu ma ta iya, tana taya su. Wannan ban san gefen da zan sa shi ba, na rubuta shi a kan layin.

Sai na koma dama. A nan yarana da ƙafa suke zuwa lakwal, ba na tsayawa bakin titi gabana na faɗuwa. In ɗayansu ya yi rashin ji a wata unguwa, kafin ya iso gida an riga an ja masa kunne, an kuma aiko mini da bayani. Kullum a gida nake cin abincin rana, tare da su, a kwano ɗaya. Abokina da muka fara aiki tare yana babban birni, ya ce mini shi sai ran Lahadi yake ganin yaransa da rana. Tsakar gidana ta ɗauki awaki, da kaji, da turmi, da wasan ƙwallo, ba a ci wa kowa iyaka ba. Da yamma in na tashi aiki nakan gangara kwari in taya Rakiya ban ruwa, ko da yake ta ce taimakona bai wuce tattake mata shuka ba. Rairayin ma da na tsana, yanzu in na je Maradi na ci tuwo ban ji ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori ba, sai in ga kamar an manta da wani abu.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ajiye alƙalamin lissafin. Bayan rasuwar mahaifina, Innata ta zo mana ziyarar sati ɗaya, ta shekara shida. Ita da Ya Falmata suka ƙulla ƙawance ta kan katanga, kullum da hantsi sai sun yi hira, rabinta gulmata ce. Wata rana ina aji, Rakiya tana garka, yara suna lakwal. Ya Falmata ta ji hantsi ya yi ba ta ji motsin butar Inna ba, ba ta ji tarinta ba. Ta kira sau biyu, shiru. Tsohuwar nan da ke tafiya da sanda ta zagayo ta tura ƙofa, ta tarar da Inna a ƙasa. Kafin labari ya iso ni an riga an kai ta likita. Allah ya ƙara mata shekara biyu a tare da mu bayan wannan. Ranar da ta cika kuwa, ban san wanda ya haƙa kabari ba, ban san wanda ya kawo tabarmi ba, ban san daga gidajen da abinci ya riƙa fitowa har kwana bakwai ba. Ni baƙo, ɗan Maradi, aka cika ƙofar gidana har kan tudu. Inna tana kwance a maƙabartar garin nan, duk Juma'a nakan kai yara mu yi mata addu'a.

Ka gani, ranka ya daɗe, kunnen da ke ƙirga mana naman miya shi ne ya ji shirun butar Inna. Na duba takardata na ga Ya Falmata ce ta farko a hagu, ita ce kuma ta cancanci zama ta farko a dama. Daga nan na gane lissafin ya fi ƙarfin ajin da nake koyarwa.

Saboda haka ina roƙo, da girmamawa.

A soke wannan canji, a bar ni a Gure. In dosiye ne ya hana, a gyara masa, a rubuta cewa matar ta taso tun tuni.

Gurbin Maradi kuma kada ya tafi a banza. Akwai wani sabon mushe a lakwal ɗinmu, Habu, bara aka turo shi, amaryarsa tana can. Kullum bayan la'asar yana kan tudu da salula a kunne, ya rame kamar kara. Ya aiko da tasa demandin. Don Allah a duba ta bana. In aka bar shi ya ɗauko yarinyar nan ta kama garka, to wata wasiƙar irin wannan tana nan tafe.

Sannan in an ci karo da tsohuwar demandina, a taimaka a ƙone ta. A ciki na rubuta da hannuna cewa Gure ba garin da mutum zai ajiye iyali ba ne. Yarinta ce. Ba na so Ya Falmata ta ji, ko da yake ina zargin ta riga ta sani.

Na karanta wa Rakiya wasiƙar nan kafin in aiko, ta ce in ƙara saƙonta yadda ta faɗa, kada in yi masa kwalliya: "Ka gaya masa yanzu haka tabarma ɗaya muke zaune. In yana da dabarar da zai kusantar da mu fiye da haka, bismillah. In babu, ya bar mini mijina."

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raba ka da takardar da ta kwana a durowa. Allah ya sa kullum in ka tashi aiki ka tarar da naka iyalin a gida, kamar yadda nake roƙon ka bar ni in riƙa tarar da nawa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mushe Isufu, Gure.