Jan Iri

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Har yanzu waya ba ta kamawa a ƙauyen nan, shi ya sa na sake ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Baba, ka ce na bar aikin ofis mai fanka na zo aikin sa kai don in ƙone a rana. To, yau ina da abin nuna maka. Irin masarar da ƙungiyarmu ta aiko, na raba shi kaf, gida arba'in, kowane gida ƙaramin buhu ɗaya. Shugabanmu ya ce in jira ruwan fari, amma ɗakin ajiyar ɓeraye sun mai da shi gidansu, kuma in ruwa ya sauka hanya yankewa take yi. Sai na ce gara kowa ya riƙe nasa. Iri ne mai kyau, an shafe shi da jan magani saboda ƙwari, na kuma faɗa musu ba na ci ba ne.

Wata bazawara mai saƙar tabarma, mai 'ya'ya huɗu, ta ba ni dariya. Ta buɗe buhun ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Malama, wannan jan abin yana wankuwa?" Na ce, "Iya, ba a wankewa, haka ake shukawa." Ta yi godiya har ƙasa. Mutanen kirki ne, sai dai rumbunansu duk sun yi ƙasa bana.

Ka gaida Mama. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na ajiye ɗinkin mutane a kan keke na rubuta miki wannan, don haka ki karanta a tsaye.

Ki je ki karɓo irin nan. Yau, ba gobe ba.

Shekara huɗu kina karatun noma, amma ba wanda ya koya miki jin magana. Manomi ba ya tambaya ko iri na wankuwa. Uwa ce ta tambaye ki, wadda yara huɗu ke kallon hannunta. Kin ajiye hatsi a ɗakin da ake kwana da yunwa, kin ce a jira ruwan da ba ki san ranar zuwansa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Goggonku da nake cewa zazzaɓi ya ɗauke ta muna yara, ba zazzaɓi ba ne. A shekarar an ba mu irin wannan iri. Innarmu ta wanke shi sau bakwai, da hannuna na ɗebo mata ruwan. Ni na yi amai na tashi. Ƙanwata ba ta tashi ba. Inna ta rayu shekara talatin bayan nan, ban sake ganin ta zauna kusa da turmi ba.

Na ba direba buhun masararmu biyu, Mamanki ce ta ɗaure bakinsu. Kada ki shiga gidan kowa hannu wofi, ki ba da farar ki karɓi jar. Kada ki yi tambaya a gaban mutane, ba macen da za ta amsa. Ki duba tafin hannu, ki leƙa cikin turmi, ki zagaya bayan gida inda ake zubar da ruwa. Ki fara da mai tabarma.

Ban yi fushi da ke ba, tsoro nake ji. Allah Ya tsare.

Babanki

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni.

Motar ta lalace a hanya, takardarka ta iso bayan kwana huɗu. Ko takalmi ban ɗaura daidai ba na nufi gidan mai tabarma. Ban ma kai ƙofa ba na ga ƙasar bayan katangarta ta yi ja. Ta fito hannayenta a cikin mayafi. Na ce, "Iya, ina yara?" Ta ce suna barci, da rana tsaka. Na ɗora mata kwanon masararka a gaba, ta dube shi, sai ta zube a ƙasa ta ce, "Sau biyar na wanke, Malama. Wallahi sau biyar."

Manyan uku sun yi amai sun ware. Ƙaramar, 'yar shekara huɗu, na tarar da ita a kwance, bakinta na zubar da yawu. A bayana na goya ta zuwa ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ya karɓi buhun irin da na riƙo ya karanta rubutun jikinsa, ya yi mata allura, ya sa mata ruwa. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce in ta kai jibi mu sake magana.

Sauran gidajen na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko rufe ƙofa aka riƙa yi, an ɗauka na zo ƙwace ne. Sai tsohon maƙerin garin ya saɓa buhunka a kafaɗa ya shiga gabana, yana cewa, "Musaya muka zo, ba bincike ba." Gida shida na ga jan turmi, amma ba su kai ga dafawa ba. Na ba su farar na karɓi jar. Irin duka yana ɗakin maƙera yanzu, a kulle.

Na rubuta wa shugabanmu cewa ni na raba kafin lokaci, kada a cire sunan matar daga cikin masu karɓa. In kora ce, ta same ni. Matar kuwa tana zaune bakin gadon, ta ƙi fito da hannayenta. Ɗazu ta ce mini, "Ki yafe mini, na ɓata miki aiki." Baba, ni take ba haƙuri.

Ku yi mana addu'a.

Auta

Baba,

Gaisuwa. Yarinyar ta buɗe ido da safen nan, ta ce ruwan asibiti ba daɗi, a ba ta abinci. Uwarta ta ba ta a baki, da jan hannunta.

Hadari ya fara haɗuwa. Maƙeri ya ce kowane gida zai cire tafi ɗaya daga irinsa a cike wa mai tabarma buhunta. Shugabanmu bai ba da amsa ba tukuna, ni dai ina nan har a shuka.

In za ka rubuto, ka gaya mini sunan Goggo. Ina so in riƙa ambatonta a addu'a.

'Yarka,
Auta