Gwangwanin Madara

Zuwa ga ƙanena Isuhu, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Mariyama da yara? Mu nan Tsarnawa sai godiya.

Yayanka ya yi abin kunya. Kwalayen maganin hawan jini sun dame ni, sai na ɓare ƙwayoyin na juye a gwangwanin madara, na ƙaro wasu daga mai tebur a Konni. Kullum fara ɗaya, ja ɗaya, da ilimina na aji uku. Ran kasuwa na yanke jiki na faɗi.

Na farka a Yamai, ɗakin masu ciwon zuciya, jikina duk wayoyi kamar rediyo a hannun mai gyara. Nan ne ɗiyarka Hadiza, 'yar wajena, ke koyon aikin magani. Malaminsu ya miƙa mata gwangwanin da aka kawo ni da shi gaban 'yan ajinsu, ya ce ta faɗi abin da ke ciki, bai san ubanta ne kwance ba. Ta duba ta ce, "Baba, fara da ja magani ɗaya ne. Ninki kake sha." Na ce ai ziyara na kawo mata. Ba ta yi dariya ba.

Aka ce ɗaliba ba ta koyo a kan ubanta. Ta zauna jinyata har lokacin koyon ya wuce, sai baɗi za ta sake. Likita kuma ya ce zuciyar ba za ta koma kamar da ba.

Ka gaida mutanen gida. Ku sa ni addu'a in kai baɗi, Isuhu. Yarinyar nan na bi na bashin shekara guda, kuma ban san inda ake sayo ta ba.

Yayanka,
Hamidu