Sa Hannun da Mijin Yaya Yake Jira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar taki, ta saki? Saƙonki ya iso har cikin jirgin ruwa, wai in je in ba mijinki haƙuri. Na san shi ya samo mini aikin nan, kuma shi ne shugabana, ban manta ba. Amma ki saurari tawa.

Aikina auna gudun ruwa a ƙarƙashin teku. Na'urar awon tana can ƙasa ɗaure da igiya, kamar akuya a turke. To, ruwan teku hawa-hawa ne, mai ɗumi a sama, mai sanyi da nauyi a ƙasa. Inda suka haɗu akwai raƙuman ruwa da ido ba ya gani: sama tsit, ƙasa ana dambe. In suka zo wucewa sai su kwantar da igiyar, na'urar ta gangara ƙasa da inda aka ajiye ta, awon ya yi ta hawa da sauka.

Mijinki ya ce wannan hawa da saukar datti ne. Wai in share, in ba da matsakaici, in sa hannu cewa ruwan ba shi da ƙarfi, don masu nutso su sauka gyaran bututu. Yaya, matsakaici ba ya jan mutum, ruwan da ya tarar da shi ne ke jansa. Na nemi a ƙara na'urori a sake awo, ya ce jirgi ba zai zauna jiran tsorona ba. To ni ma hannuna ba zai hau takardar nan ba.

Ki shafa mini kan auta.

Ƙanwarki mai kunnen ƙashi

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da ba ki amsa waccan ba. Allah ya sa fushi ne ya hana ki, ba ciwo ba.

Mijinki ya samu wani ya sa hannu. Ni kuwa na sauka ɗakin da masu nutso ke shanya kayansu, na shimfiɗa musu awon a kan benci, da dattinsa da komai, na yi musu bayani. Babbansu ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da kayansa ya rataye. Ba wanda ya sauka.

An sallame ni. Yanzu mijinki yana ta gaya wa mutane wai ranar ruwan lafiya lau yake. Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma abin da nake ta faɗa ke nan tun farko.

Aikin bai dame ni ba kamar shirunki. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da zarar jirgi ya tsaya zan zo gidanki, in durƙusa in gaishe shi, mijin yayata ne. Haƙuri kam ba zan bayar ba. In kin buɗe mini ƙofa, na gode wa Allah. In ba ki buɗe ba, daga waje zan gaishe ki, kin dai san muryata tana kaiwa.

Taki har kullum,
ƙanwarki