Asusun da Na Buɗe da Sunan Malte

Ni Sixten Holmgren, tsohon direban bas a garin Gävle, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, huhuna ne kawai ya gaji. Likita ta ce kada in sa rai da ganin narkewar ƙanƙarar hunturun bana. Zuwa gare ku 'ya'yana, Ylva da Torvald da autana Malte.

Na farko. Gidan katako na bakin tafki naku ne ku uku. Kwalekwale na Torvald ne, shi ya san inda yake yoyo. Ylva, ki ɗauki keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarku.

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Kun san bayan rasuwarta na faɗa cacar intanet. Kun tuna ranar da Ylva ta tsare ni a kicin ta ce, "Baba, ko ka sa sunanka a rajistar hana kai caca yau, ko ka manta da jikokinka." Na sa. Kuma wallahi abin yana aiki, duk shafin caca mai lasisi ya rufe mini ƙofa, har tallansu ya daina zuwa.

Abin da ku manyan biyu ba ku sani ba, wata huɗu kawai na iya daurewa. Wata Asabar Malte ya zo gyara mini famfo, na ce, "Auta, buɗe mini asusun caca da katin shaidarka na cikin waya mana, tseren dawakin yau kaɗai." Ya yi dariya ya ce, "Kai tsoho, ba ka da dama! Krona ɗari, ba ƙari." Mutumin da bai taɓa caca ba a rayuwarsa. Da shafin ya tambayi iyakar abin da zai zuba a wata, ni na faɗi adadin. Da iyakar ta yi mana kaɗan, ni na koya masa yadda ake neman ƙari a jira kwana uku. Da gargaɗi ya fito cewa mun yi awa guda, ni na ce, "Kawar da shi, yana tare mana dawaki." Shekara biyu muna haka, ga kofi ga burodin kirfa, kuna ta murna wai auta yana kula da tsoho. Ni ciwo ne ya raba ni da caca. Shi har yau babu abin da ya raba shi da ita.

Na uku. Kada ku ce ban gwada ba. Sau biyu ina kiran masu rajistar ina roƙon a sa sunansa. Matar da ta ɗauki wayar ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ka yi haƙuri, shekararsa talatin da ɗaya, sai shi da kansa." Lauya kuma ya ce doka ba ta yarda in riƙe masa rabonsa na gado ba. To me ya rage mini? Ina kwance ina kallo, kuma abin yana cin raina fiye da ciwon.

Na huɗu. Torvald, na san kana ɗan taɓa cacar ƙwallo, kada ka musa. In ka ƙi bari, ka duba lasisi tukuna, ka sa iyaka ƙarama, ka guji shafin da ya ɓoye wurin dakatar da asusu. Shaidarka kuwa kada ka ara wa kowa, ko da ubanka ne.

Na biyar. Ylva, ki daina gaba da ƙanenki. Ranar Kirsimeti da kika kira shi ɗan asara a gaban yara, ina zaune a gaban teburin nan na sunkuyar da kai ina yanka nama. Ya dube ni sau ɗaya, bai tona ni ba. Zagin nan nawa ne, ki maido mini da shi.

Malte, ba ni da bakin ba ka umarni. Sa suna a rajistar bai fi minti biyu ba. Roƙonka nake yi, ɗana, ka yafe mini, ka sa.

Allah ya yi muku albarka, ya raya muku zuriya, ya haɗa kanku. A wurin jana'izata ku zauna a benci ɗaya, Malte a tsakiya. In kuka ga ya zaro waya ana cikin addu'a, kada ku harare shi. Ku riƙe masa hannun, ni na kasa.

Mahaifinku,
Sixten