Na Yi Wa Uwar Ƙasa Sharrin Sata

Inna Herminia, ki taimake ni don Allah, ranar Asabar za a yanka lama, dabbar nan mai kama da ɗan raƙumi, saboda ƙaryata.

Ni mai yankan kifi ne a kasuwar Iquique, shekarata arba'in da tara, matata ta rasu shekara shida ke nan. Ina neman Eulogia, mai sayar da dankali a layinmu. Su mutanen kan tudu ne, kin san halinsu, uwa ba ta furta cewa ta yarda da kai. Sai dai ta saƙa maka foncho, mayafin ulun nan mai ramin wuya, ka saka shi ranar neman aure. Uwarta, Doña Basilia, wata goma sha ɗaya ta yi tana saƙa nawa da gashin alfaka, 'yar'uwar lama mai laushin gashi, ga ciwon ido.

Don in burge su na ce mu je mu kafa tanti a gandun gwamnati da ke kusa da ƙauyensu, wajen rijiyoyin nan masu feso tafasasshen ruwa. Ba banɗaki, ba famfo, sai duwatsu da iska. Ni ɗan bakin teku, tun a hanya kaina ke sarawa saboda tsayin tudun. A can tsohuwar ta miƙo mini fonchon, wai in saka kada in mutu mata a hannu don sanyi.

Da safe muka zura ƙwai a raga cikin maɓuɓɓuga ya dahu, kamar yadda kowa ke yi. Suka tafi wanka tafkin ɗumi suka bar ni ina karin kumallo. Hannu na rawa don sanyi, sai ƙwaiduwa da koko suka malale mini a ƙirjin foncho. Wayyo ni! Inna, mu a wajen kifi duk abin da ya ɓaci ruwan zafi ne maganinsa, ga shi kuma nan kyauta. Na tsoma, na cuɗa, na murza a dutse har hannuwana suka yi jajir. Da na ɗago shi, na rantse ko kyanwa ba za ta shige shi ba. Ya ƙanƙance ya yi tauri kamar faifai.

Na cusa shi ƙarƙashin kujerar mota. Da suka dawo na ce iska ta fizge shi ta jefa a babbar rijiya, ta haɗiye. Eulogia ta yi ta kuka. Tsohuwa kuwa ta dai shafa mini kitse a hannu. Sai a hanya ta ce tunda Uwar Ƙasa, wadda suke yi wa yanka tun kaka da kakanni, ta ƙwace kayana da kanta, fushi take da ni, babu aure sai an lallashe ta da jini. Kuma ba kowane lama ba, sai Pituco, farin nan da ta shayar da kwalba, mai bin ta har ƙofar coci.

In na faɗi gaskiya na zama sakarai kuma maƙaryaci, ita Eulogia kuwa ƙarya ce ta raba ta da mijinta na farko. In na yi shiru Pituco ya tafi. Jiya Eulogia ta nuna mini hotonsa a waya, na kasa cin abinci. Ina son matar nan, Inna. Ko in sayo wani fonchon in ce rijiya ta amayo shi?

Mai Jan Hannu, Iquique

AMSA

Ɗana Mai Jan Hannu, ajiye maganar sayen wani. Masaƙiya ta san zarenta ko idonta a rufe.

Wankin da ka yi wauta ce ta mai ƙauna, ba zan kama ka da laifi a kai ba. Tsoronka ma na gane shi, matar da ƙarya ta taɓa cuta ba a yi mata wasa da ita. Amma ka zauna ka yi tunani. Tsohuwar nan a bakin rijiyoyin nan ta girma, ta san feso abu suke yi, ba sa haɗiye bargo. Ta ga hannuwanka a ƙone, ta shafa magani, ba ta tambaye ka ba. Sannan duk garkenta ta rasa wanda za ta zaɓa sai wanda ya fi soyuwa a ranta. Haba ɗana! Ni a ganina ta sani tun ranar.

Ka fara da Eulogia yau, kada ta ji daga wani bakin. Gobe ku hau tudu tare, ka ajiye abin a gaban uwarta, ka ba da haƙuri ba tare da kame-kame ba, ka roƙa ta koya maka wankin ulu. Za ka sha zagi, ƙauye kuma zai yi shekara yana maka dariya. Wannan mai wucewa ne.

Abin da take jira ta gani shi ne ko za ka tsaya kana kallo a yanka marar laifi don ka rufa wa kanka asiri. Mutumin da zai iya haka, ko ni ba zan ba shi 'yata ba. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa mu sha biki.

Inna Herminia