Katakon Bayan Jirgin Yaya Sale

Daren Laraba, Kazaure

Jirgin ruwan Yaya Sale ya hana ni sukuni. Ya cire injinsa mai ƙarfin doki goma sha biyar, ya ɗaura mai doki arba'in a kan tsohon katakon baya, wanda ƙusoshi kaɗai ke riƙe da shi.

Da la'asar na zauna a bakin dam na yi lissafi. In aka murɗa injin sosai, farfela za ta tura da ƙarfin da ya kusa nauyin buhu uku na gero. Ga ta can ƙasa, fiye da kamu ɗaya daga inda aka ɗaure injin. Wato tana danna gindin katakon ciki, tana fizgo samansa waje, kamar yadda ake zare ƙusa da hama.

Na nuna masa takardar lissafin. Dariya ya yi.

"Ɗan jarida, ai an gwada! Buhu uku kafinta ya ɗora a kai, ko motsi bai yi ba."

"Yaya, buhu danna shi yake yi ƙasa. Farfela ɓamɓaro shi take yi."

"To na ji, Malam. Allah na nan."

Kafin in taho na shafa saman katakon. Tsakaninsa da jikin jirgin har ɗan yatsana ya shige, alhali fita biyu kawai ya yi da injin.

Gobe kasuwa, zai wuni yana ƙetarar da mutane. Na ce wa matata Hajara ita da yara su hau acaɓa su zagaya dam ɗin. Su kaɗai na iya hanawa.