Jifan da Longji Ya Gada

Beltsville, 24 ga Nuwamba

Ɗanliti, sun saka Longji! Yana cikin mutum huɗu da za a fitar da gwarzon ɗan ƙwallo na shekara daga cikinsu, a duk jami'o'in Amurka! Jikana, ɗan Dachung, wanda na taɓa aiko maka hotonsa yana da haƙori biyu.

To, yanzu bari in gaishe ka. Ina gajiya, Oga magini? Ina iyali, ina mutanen Bukuru? 'Yata Martha za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo a wayarka. Ta ce in yi magana da baki kawai. Na ce ban zauna shekara uku a ajin yamma na coci, ina da shekara arba'in da ɗaya, don in ajiye biro yanzu ba.

Ƙwallon nasu ba irin namu ba ne. Da hannu ake yi, kuma ba kewayayye ba ne. In ka gan shi za ka yi dariya, don tubali ne sak, sai dai tsini biyu gare shi. Mutum ɗaya ke jifa, ana ce masa kwatabak. Abokansa su ruga, shi ya cilla musu su cafe, kafin ƙattan ɗaya ɓangaren su danne shi. Longji ne mai jifan. Bana sau talatin da tara ya cilla aka ci, sau biyu tak aka tare masa. Tunda aka kafa makarantar ba wanda ya yi haka.

Ka san inda ya samo. Yana da shekara shida na zo ƙasar nan. Ya miƙo mini abin a bayan gidan Martha, hannuna ya gane shi tun kafin idona. Na koya masa yadda nake cilla maka tubali kana zaune a kan katanga. Na ce kada ka jefi mutum, aika masa za ka yi. Ya hau sama, ya ɗan tsaya, ya sauko a hannu kamar an ajiye shi.

Amma ga abin da ya ɓata mini rai. Akwai wani mai ƙaton wuya a talabijin, kullum yana cewa jifan Longji ba ƙarfi, lilo yake a iska. Wai abokinsa Basit, ɗan mutanen Ghana na garin Alexandria da ke nan kusa da mu, shi ke wahalar cafewa, shi ya kamata a yaba. 'Yan jarida ne ke da ƙuri'a, kuma suna jin maganarsa. Ranar sha uku ga Disamba za a faɗi wanda ya ci.

Wannan ma da sauƙi. Jami'a ta buga ɗan littafi don masu ƙuri'a. Martha tana karanta mini sai ta tsaya. Na ce ci gaba. Wai kakansa injiniyan gine-gine ne a Jos. Ni! Na kira Longji, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kaka, ba ni ba. Dadi ya faɗa." Ranar shida ga Disamba masu kyamara za su zo su ɗauke ni ina ba da tarihin yaron. A gabansu zan faɗa cewa ni lebura ne, shekara ashirin da biyu ina cilla tubali. In ba a san wannan ba, ba a san jifan Longji ba.

Ka gaida kowa da kowa. Naka,
Dung

Bukuru, 26 ga Nuwamba

Zuwa ga Injiniya Dung,

Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe. Ashe shekara ashirin da biyu injiniya ke tsaye a ƙarƙashina da laka har gwiwa ban sani ba? Da na riƙa sauko maka da kujera. Na karanta wa 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa, Sabo mai shayi ya yi dariya har ya ƙone da butarsa.

Allah ya sanya albarka a hannun Longji. Na kalli ɗan bidiyon da Martha ta turo, na maimaita sau bakwai. Ban gane dokar wasan ba, ban san dalilin da ya sa suke faɗa wa juna kamar raguna ba. Amma da abin ya bar hannun yaron, sai na ji tafukana sun buɗe da kansu. Naka ne, ba ko tantama.

Sai dai ka bi Dachung a hankali. Kai da zafin kai tun muna samari. Yaron nan bai taɓa yin abu ba dalili. Ka tambaye shi tukuna.

Shi kuma mai ƙaton wuyan, ka bar ni da shi. Ina da maganar da zan yi, amma ba yau ba.

Allah ya bar zumunci.
Ɗanliti

Mitchellville, 28 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata sanyin bana bai taɓa gwiwarka ba. Matata Olive tana gaisuwa. Tunda ka ƙi ɗaukar wayata, na bi hanyar da ka fi so.

Ni na ba jami'a wannan bayani, ban musa ba. Ina roƙo ka saurare ni. Shekara talatin nake a ƙasar nan, na san abin da suke yi da labarinmu. Da ka ambaci laka, ba za su ji gwaninta ba. Za su nemo hoton bukka da yaro ba takalmi su manna a bayan Longji. Mutumin talabijin ɗin zai ce, ai na faɗa muku jifan ƙauye ne. Za a yanka maganarka a yi ta yawo da ita a waya ana dariya, saura mako guda a rufe ƙuri'a. Yaron nan ya karye a kafaɗa ya tashi, ya yi shekara huɗu yana aiki. Kada mu ba su sandar dukansa.

Kuma Baba, ban taɓa gaya maka ba. A firamare “ɗan taɓo” ake kirana. In ka biyo ta ƙofar makaranta da yamma, jikinka duk ja, nakan ɓuya a bayan tankin ruwa har ka wuce. Ban so ɗana ya ɗanɗana ko kaɗan daga wannan.

Ai ka yi gine-gine, ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Na aiko da kwat ta hannun Martha. A yi ɗaukar a falona, minti biyar ne kawai. In an ba shi kyautar, ka faɗi duk abin da kake so.

Ɗanka mai biyayya,
Dachung

Beltsville, 29 ga Nuwamba

Dachung,

Na gaishe ka, na gaida Olive. Gwiwata lafiya.

Na san kana bayan tankin. Ƙafafunka suna leƙowa ta ƙasa, da takalmin roba mai ruwan ƙasa. Shi ya sa daga baya na koma bin hanyar layin dogo, ko da ta fi nisa. Ban ji haushinka ba, yaro ne kai. Yanzu shekararka hamsin da shida.

Ka ce in bari sai an ba shi. To wa za a ba? Jikan injiniya? Ba ni da wannan jikan. Mutumin can yana cewa jifan rauni ne don bai san dalilinsa ba. Yana zaton yaron ya kasa jifa da ƙarfi ne. Longji zai iya fasa ƙirjin mutum da ƙwallo in ya so. Ba ya so ne, don na koya masa cewa wanda ke sama a kan katanga ba shi da wurin kaucewa. Wannan ita ce hujjar yaron, kai kuma ka ɗauke ta ka ɓoye.

Kwat ɗinka na nan a leda, Martha za ta mayar. Ba zan zo falonka ba. Na haƙa jar ƙasa a bayan gida, mai kyau ce, har ta fi ta Bukuru danƙo. Maƙwabciyarmu Edna ta ba ni busasshiyar ciyawar da ta yi ado da ita a ƙofar gida. Na kwaɓa, na cura tubali arba'in, suna bushewa a gareji da hita mai ɗumama ɗaki. Martha tana ta faɗa, motarta na kwana a waje. Masu kyamara su same ni a nan. In za su yi dariya su yi, amma sai sun ga tubali ya tashi tukuna.

Abu ɗaya ya rage, ba ni da mai cafewa a sama. Zan nema.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Babanka

Bukuru, 1 ga Disamba

Ɗana Dachung,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara. Martha ce ta ba ni lambarka, ta kuma gaya mini abin da ke tsakaninka da tsohon. Ba sulhu na zo yi ba. Shaida zan bayar.

Kana aji biyu muna ginin wani gida a Gyel, tsinken kara ya soke ni a idon hagu. Ciwon ya warke, idon ya yi kyau a gani, amma ya mutu. Mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu. In aka sani, ba mai sake ɗora ni a kan katanga, ga 'ya'ya shida. Na yi shiru na koma aiki. Ranar farko tubali uku suka suɓuce mini, ɗaya ya fasa mini leɓe.

Babanka ya dube ni daga ƙasa. Washegari ya koma tsayawa ta damana. Ya daina jifa kai tsaye yadda kowane lebura ke yi. Sai ya riƙa ɗaga shi sama, ya zo daidai ƙirjina ya tsaya, kamar yana jira in ɗauka. Wannan jifa ya fi cin kafaɗa, ka tambayi ɗanka. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka. Mutane suna cewa Ɗanliti gwani ne, ko kallon tubali ba ya yi. Ina zan kalla? Ko matata ba ta sani ba sai da na bar aiki. Ni da shi kuma ba mu taɓa zancen ba har yau.

Jifan da ake zagi a talabijin ɗinku, saboda ni aka ƙirƙire shi. Ni ne Basit na wancan lokaci, ni aka yaba. Ka karanta wa mai ƙaton wuyan wannan, ka ce in ji wanda ya cafe. Ka ba su sunana da na unguwarmu, ba na jin kunya.

Allah ya yi maka albarka.
Baba Ɗanliti

Beltsville, 4 ga Disamba

Ɗanliti, Dachung ya hau tsani!

Gaisuwa daga baya. Na ga takardar da ka aiko wa Dachung. Kai kuma da tonon asiri, wa ya aike ka? Shekara arba'in da tara ina riƙe da bakina.

Yau da la'asar sai ga Dachung daga ofis, da taye a wuya. Ya tsaya a ƙofar gareji yana kallon tubalan. Ya ce, “Baba, ta wane gefe kake tsayawa?” Na ce dama. Ya jingina tsani da bango, ya hau har ƙarshe, ya cire tayen ya ɗaure idonsa na hagu. Martha ta fito tana ihu, “Yaya, za ka karye!” Ya ce, “Cillo.”

Na farko bai kai ba, ya faɗi ya farfashe. Shekara saba'in da tara ba wasa ba. Na ce kada ka sauko. Na biyu ya tashi, ya je ƙirjinsa, ya tsaya. Ya ɗauka. Ya daɗe a sama yana riƙe da shi, farar rigarsa duk ta yi ja. Da ya sauko, a gabana ya kira jami'a ya ce a gyara littafin. Ni na rubuta abin da za a sa, shi ya juya musu da Turanci: Dung, lebura, mai cilla tubali, Bukuru.

Longji ya kira ya ce, “Kaka, ka ajiye mini goma.” Zai zo da Basit. Kyautar kuwa, su bayar ko su hana, ranar sha uku za mu ji. Ko wanne suka yi, sun san wanda suka yi wa.

Asabar ƙarfe goma na safe, bayan gidan Martha. Na gaya wa 'yan cocinmu, na aika wa iyayen Basit, Edna ta ce za ta kawo kujeru. Mai ƙaton wuyan ma Dachung ya tura masa takardarka da adireshi, in yana da ƙarfin hali ga tsani nan. Kai kuma ƙarfe huɗu ne a wurinku. Ka tara Sabo da duk 'yan majalisa, Martha za ta riƙe waya. Ka matso da idon nan naka mai kyau. Kowa ya zo ya gani!

Naka har kullum,
Dung, lebura